Ƙidayar Marasa Makwanci: Darasin Ƙididdiga Daga Ƙasar Daura

Gabatarwa

Ƙidayar jama'a kamar yadda aka san ta a duniya an gina ta ne a kan gida. Kafin ranar ƙidaya akan zana taswirar gari, a raba shi yanki-yanki, a rubuta wa kowane gini lamba. Idan ranar ta zo sai malamin ƙidaya ya tsaya a ƙofar gida ya yi sallama, mai gida ya fito ya lissafa masa iyalinsa. Wannan tsari yana aiki matuƙar kowane mutum yana da ƙofar da za a yi masa sallama. To, yaya za a yi da wanda ya kwana jiya a rumfar kasuwa, shekaranjiya a tashar mota, yau kuma shi kansa bai san inda dare zai same shi ba?

Tambayar tana da nauyi, domin da alƙaluman ƙidaya ake tsara kasafin kuɗi, da su ake raba allurar rigakafi da gidan sauro da barguna, da su kuma ake yanke shawarar inda za a gina aji ko ɗakin kwana. Mutumin da bai shiga lissafi ba, da wuya rabo ya kai gare shi.

Wannan maƙala za ta yi bayanin yadda masana kimiyyar ƙididdiga suke ƙirga mutanen da ba su da makwanci, da yadda suke ƙirga wuraren kwanan da ake da su, sannan ta duba yadda waɗannan dabaru za su dace da masarautar Daura, mai ƙananan hukumomi biyar: Daura, Ɓaure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa. Abin da ake so mai karatu ya riƙe shi ne, adadi biyu ake bukata, na mutane da na wurin kwana, kuma dole a samo su a dare guda, bisa ma'ana guda. Ratar da ke tsakanin adadin nan biyu ita ce girman aikin da ke gaban al'umma.

Wane ne marar makwanci?

Matakin farko a kowane bincike na ƙididdiga shi ne a fayyace abin da za a ƙirga. Idan mutum biyu suka fita ƙirga itatuwan wata gona, ɗaya yana sa dashe a lissafi ɗaya ba ya sawa, ba za su taɓa dawowa da adadi ɗaya ba, alhali babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu.

Jagororin ƙidaya na Majalisar Ɗinkin Duniya sun raba rashin muhalli gida biyu. Na farko shi ne na wanda yake kwana a fili ko a wurin da ba a yi shi don kwana ba. Na biyu shi ne na wanda yake samun rufi a kansa amma ba shi da mazauni na dindindin, yau yana nan gobe yana can. A Turai kuwa, a shekarar 2005 aka fito da wani ma'auni mai hawa huɗu: marar rufi, mai kwana a masaukin wucin gadi, wanda ake iya kora daga inda yake a kowane lokaci, da wanda yake zaune a muhallin da bai cancanci zaman ɗan Adam ba.

Idan aka ɗora wannan ma'auni a kan garuruwanmu, za a ga mutane iri-iri. Akwai masu taɓin hankali da ke kwana a gefen titi ko a kango. Akwai tsofaffi da naƙasassu masu bara da ke kwana a harabar masallaci. Akwai 'yan ci-rani da ke tsallakowa daga ƙasar Damagaram ta iyakar Kwangwalam da sauran hanyoyi bayan an gama girbi, suna dako ko ga-ruwa ko yankan farce, su kwana a rumfuna da baranda. Akwai waɗanda ruwan damina ya rushe wa ɗakuna suka raɓa a makarantun firamare ko gidajen dangi. Akwai kuma waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka raba da ƙauyukansu a yammacin Jihar Katsina, kamar yankunan Batsari da Jibiya da Safana, suka bazu cikin garuruwa.

Batun almajirai kuwa yana bukatar a yi masa kallon tsanaki. Almajiri ɗalibi ne. Galibi yana da iyaye a raye, yana da gida a garinsu, yana da malami da ya karɓi amanarsa. Saboda haka kuskure ne a ɗauki dukkan almajirai a zuba su cikin jerin marasa muhalli. Amma kuskure ne kuma a cire su gaba ɗaya, domin akwai wanda yake kwana a ɗaki mai ƙofa da taga, akwai wanda yake kwana a zaure cikin cunkoso, akwai wanda yake kwana a bakin titi kusa da tokar wutar karatu, akwai kuma wanda ya gudu daga hannun malaminsa ya koma tasha. Tambayar da mai ƙidaya zai yi ita ce: a ina mutumin nan ya kwana a daren nan? Sunan da ake kiransa da shi, ko almajiri ko ɗan ci-rani ko ɗan gudun hijira, sai ya zo a layi na biyu na takardar.

Abin da ƙidayar baya ta bar mana

Nijeriya ta yi ƙidaya a watan Nuwamba na 1991, inda aka sami mutum miliyan 88.9, ta kuma yi wata a watan Maris na 2006, wadda ta ba da miliyan 140.4, Jihar Katsina tana da miliyan 5.8 daga ciki. A takardar ƙidayar 2006, Hukumar Ƙidayar Jama'a ta Ƙasa ta ware gurbi na musamman domin marasa muhalli da makiyaya da matafiya. Sai dai ƙidayar ƙasa aiki ne da ake yi bayan shekaru masu yawa, wadda aka shirya yi a 2023 ma ɗage ta aka yi, alhali yawan masu kwana a waje yana canzawa daga wata zuwa wata.

A game da almajirai, adadin da ya fi yawo a bakin jama'a shi ne miliyan 9.5, wanda ya fito daga ɓangaren Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Ƙasa, wato UBEC, a shekarar 2010. Wannan ƙiyasi ne na ƙasa baki ɗaya. Ba zai gaya wa hakimi yara nawa ne suke kwana a waje a gundumarsa ba, ballantana ya gaya masa ɗaki nawa ake bukata. A kan irin wannan ƙiyasi aka fara gina makarantun tsangaya na zamani, wanda aka ƙaddamar da na farkonsu a Gagi ta Sakkwato a 2012.

Illar rashin adadi na ƙasa-ƙasa ta fito fili a shekarar 2020, lokacin annobar korona, da gwamnonin Arewa suka yanke shawarar mayar da almajirai jihohinsu na asali. An yi ta lodin yara a motoci daga jiha zuwa jiha, kuma a wurare da dama sai a wannan lokaci ne aka fara rubuta sunayensu da garuruwansu. A watan Mayu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, wanda ɗan Daura ne, ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar ƙasa mai kula da ilimin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta. Kowace hukuma irin wannan, ingancin aikinta yana rataye ne a kan ingancin alƙaluman da take samu daga unguwanni da ƙauyuka.

Ƙidayar dare guda

Dabarar da ta fi yaɗuwa a duniya ita ce a zaɓi dare ɗaya a ƙirga kowa a cikinsa. Dalilin zaɓen dare a bayyane yake. Da rana, mai gida da marar gida duk suna kasuwa, ba a iya bambance su. Dalilin taƙaita aikin ga dare ɗaya kuwa shi ne kada a ƙirga mutum sau biyu, domin wanda aka gani yau a tasha, gobe ana iya ganinsa a bakin masallacin Juma'a.

A Amurka, Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta ɗora wa yankuna yin irin wannan ƙidaya a dare ɗaya cikin kwanaki goma na ƙarshen watan Janairu. An zaɓi tsakiyar hunturu ne saboda sanyi yana kora mutane cikin gidajen kwana na agaji, inda ƙirga su ya fi sauƙi. A 2023 an ƙirga mutum 653,104, a 2024 kuma 771,480, wanda fiye da kashi ɗaya bisa uku daga cikinsu a waje suka kwana. Tare da wannan ƙidaya, kowane yanki yana ba da lissafin gadajen da yake da su a daren. Indiya ta ware daren 28 ga Fabrairu na 2011 a lokacin ƙidayarta, ta sami marasa gida kimanin miliyan 1.77. Birnin Paris na Faransa ya fara tasa ƙidayar ta dare a watan Fabrairu na 2018, da taimakon 'yan sa-kai, aka sami kimanin mutum 3,000.

A ƙasar Daura, zaɓen daren yana bukatar sanin yanayin wurin. Kasuwar Mai'aduwa tana ci ranar Lahadi, kuma tana tara fatake da 'yan dako da masu koran dabbobi daga nesa. Wanda ya yi ƙidaya a daren jajibirin kasuwa zai tara matafiya masu gidajensu cikin lissafinsa. Haka lokacin hawan salla ko na Gani, da garin Daura yake cika da baƙi. A damina kuma 'yan ci-rani da almajirai da yawa suna komawa gida noma, adadin sai ya faɗi. Saboda haka ya fi kyau a yi ƙidaya biyu a shekara: ɗaya cikin hunturu, a Disamba ko Janairu, lokacin da sanyin dare ya fi cutar da mai kwana a waje, ɗaya kuma a tsakiyar damina. A kiyaye lokutan nan kowace shekara, don a iya kwatanta bana da bara.

Tsarin aikin shi ne a raba gari yanki-yanki bisa iyakokin unguwanni, a ba kowane rukuni na masu ƙidaya yankinsa da taswirarsa. A fara bayan sahu ya ɗauke, a gama kafin kiran asalatu, domin daga nan mutane sun fara tashi. Kowane rukuni ya ƙunshi wanda ya san lungunan unguwar, kamar wakilin mai unguwa ko ɗan sintiri, da mace aƙalla ɗaya saboda matan da za a tarar. Ba a tayar da mai barci. A rubuta wurin, da jinsi, da ƙiyasin shekaru, sauran tambayoyi a bari sai gari ya waye.

Ya kamata a san iyakar wannan dabara. Ƙidayar dare guda kamar leƙa sashen marasa lafiya ne na asibiti sau ɗaya. Mai leƙawa zai ga mutum hamsin a kwance, amma waɗanda suka kwanta a gadajen nan cikin shekara sun ninka haka sau da yawa. Adadin dare guda yana gaya mana yawan wurin kwanan da ake bukata. Adadin shekara kuwa, wanda sai da rajista mai ɗorewa ake samunsa, shi ke gaya mana yawan mutanen da matsalar ta taɓa.

Waɗanda ido ya tsallake

Komai ƙoƙarin masu ƙidaya, ba za su ga kowa ba. Wani ya shige cikin kango, wani yana ƙarƙashin babbar mota, wani kuma ganin fitila ya sa ya ɓuya. Kimiyyar ƙididdiga tana da hanyoyi uku na ƙiyasta waɗanda aka tsallake. Alƙaluman da za a kawo a misalan da ke biye na koyarwa ne kawai, ba sakamakon wata ƙidaya da aka yi ba ne.

Hanya ta farko ita ce ɗaukar samfur. Uwargida ba ta shanye tukunyar miya don ta san ko gishiri ya ji, motsawa take yi ta ɗanɗana kaɗan. Idan ma'aikata ba su isa su zaga ko'ina ba, sai a raba yankunan gida biyu. Wuraren da aka san ana taruwa, kamar tasha da kasuwa da manyan masallatai, a bi su duka. Sauran kuma a zaɓi wasu ta hanyar ƙuri'a. A ƙaddara akwai irin waɗannan yankuna 40, aka jefa ƙuri'a aka zaɓi 10, aka tarar da mutum 35 a cikinsu. Tunda kashi ɗaya bisa huɗu aka bi, sai a ninka 35 sau 4, a sami 140. Ƙuri'ar ita ce motsa tukunyar. Idan aka bar ma'aikata su zaɓa da kansu, za su ɗauki wuraren da ke kusa da titi masu haske, sakamakon ya karkace.

Hanya ta biyu ita ce dasa mutane. Birnin New York na Amurka ya yi amfani da ita tun daga 2005. Akan ɗauki wasu mutane a zaunar da su a wurare daban-daban a daren ƙidaya kamar su ma marasa makwanci ne, ba tare da masu ƙidaya sun san su ba. Da safe sai a duba nawa aka gani a cikinsu. A ƙaddara an dasa mutum 40, aka ga 30. Ke nan masu ƙidaya suna ganin uku ne cikin kowane huɗu. Idan jimillar da suka kawo 240 ce, sai a raba ta gida uku a ninka sau huɗu, ƙiyasin gaskiya ya zama 320.

Hanya ta uku daga masana halittu aka aro ta. Wani masanin kifi ɗan ƙasar Denmak mai suna Petersen ya yi aiki da sa wa kifi alama a 1896, sannan Frederick Lincoln na Amurka ya yi amfani da dabarar a 1930 wajen ƙiyasta yawan agwagin daji. Akan kama wasu a sa musu alama a sake su, bayan ɗan lokaci a sake kamu a ga nawa ne masu alama. Ga ɗan Adam kuwa, kati ake bayarwa mai lamba, ko a rubuta wasu bayanai da za a gane mutum da su ba tare da sunansa ba. A ƙaddara a zagaye na farko an ba mutum 200 kati. A zagaye na biyu aka sadu da mutum 150, daga cikinsu 60 suna da kati. Tunda 60 cikin 150 kashi biyu ne bisa biyar, to mutum 200 ɗin da aka ba kati su ma kashi biyu bisa biyar ne na jama'ar duka. Ƙa'idar ita ce a ninka adadin farko da na biyu, a raba da adadin masu kati: 200 sau 150 ya ba da 30,000, a raba da 60, a sami 500.

Wannan lissafi yana da sharuɗɗa. Dole ya kasance ba a sami masu shigowa ko masu fita da yawa ba tsakanin zagayen biyu, abin da ke da wuyar samuwa a garin kan iyaka idan aka bar tazara mai tsawo. Dole kuma kowa ya kasance yana da damar a gan shi daidai da ta ɗan'uwansa. Idan an haɗa katin da kyautar abinci, masu kati za su riƙa neman masu ƙidaya da kansu, adadinsu a zagaye na biyu ya yi yawa, ƙiyasin ya faɗi ƙasa da gaskiya. Idan kuwa an tsorata su a karon farko, za su ɓuya, ƙiyasin ya haura. Don haka masana ba sa ba da adadi ɗaya tilo. Sukan ce yawan yana tsakanin kaza da kaza.

Ƙirga wurin kwana

Rabin aikin na biyu shi ne sanin wurin kwanan da ake da shi. A ƙasashen da ke da gidajen kwana na agaji, gado ake ƙirgawa. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya daɗe yana ɗaukar wannan nauyi shi ne zaure da shago da ɗakin baƙi, da gidan fatoma inda fatake ke sauka, da ɗakunan tsangaya, da gidan mai unguwa inda akan kai baƙon da dare ya yi wa. A waɗannan wurare tabarma ake shimfiɗawa, tabarma kuwa ba ta da adadi tsayayye kamar gado. Idan an tambayi mai zaure mutum nawa zaurensa yake ɗauka, amsarsa ita ce duk wanda ya zo.

Maganin wannan shi ne awo. Ƙungiyoyin agaji na duniya suna aiki da ma'aunin da ya ce kowane mutum yana bukatar aƙalla murabba'in mita 3.5 na fili mai rufi. A ɗauki zaure mai tsawon mita 5 da faɗin mita 4. Faɗinsa murabba'in mita 20 ne. Idan aka raba 20 da 3.5, za a ga wurin mutum biyar ne, shida idan an matsa. In yara ashirin ne suke kwana a ciki, kowane yaro murabba'in mita ɗaya ya samu. A takardar ƙidaya sai a rubuta wurin kwana biyar, masu kwana ashirin, rata goma sha biyar. Waɗannan sha biyar ɗin ba za su fito a ƙidayar titi ba, domin suna ƙarƙashin rufi, amma bukatarsu tana nan.

Cunkoso batu ne na lafiya. Ƙasar Daura tana cikin yankin da cutar sanƙarau ta fi addaba a Afirka, kuma ƙwayar cutar tana yaɗuwa ne ta numfashi, musamman a ɗakunan da aka cika da mutane ba iska, a lokacin rani. A annobar 1996 an sami fiye da mutum 100,000 da suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu, akasarinsu a Arewa. Tarin fuka da ƙazwa su ma cunkoso ne abokin tafiyarsu. Saboda haka takardar wurin kwana ta ƙunshi tambayoyi a kan taga, da rufin da ba ya yoyo, da makewayi, da ruwa, da ko akwai wurin mata daban, da kuma ko wurin yana buɗe duk shekara.

Akwai kuma sharaɗin aminci. A watan Oktoba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gidan mari a garin Daura suka fito da mutum 67, da yawansu a cikin mari. Da an yi ƙidayar rufi kawai, da wannan gida ya shiga jerin wuraren kwana. Wurin da ake tsare mutum ko ake azabtar da shi ba ya shiga lissafin makwanci, komai girman ɗakunansa.

Idan adadin biyu suka samu sai a jera su unguwa-unguwa. Mai yiwuwa a ga wata unguwa tana da ɗakuna a rufe, maƙwabciyarta kuma yara suna kwana a waje. Mai yiwuwa a ga wurin maza ya kusa wadatarwa, na mata babu ko ɗaya. Jimillar gari baki ɗaya takan ɓoye irin wannan bambanci.

Amana tsakanin mai ƙirga da wanda ake ƙirgawa

Talakan ƙasar Hausa yana da dalilin ɗari-ɗari da ƙidaya. Shekara da shekaru, idan malamin hakimi ya zo da littafi yana rubuta magidanta da shanu, abin da ke biyo baya shi ne haraji da jangali. Sai a 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke su a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Daura take cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Abin da ya faru a 2020 kuma ya ƙara wa malaman tsangaya zargin cewa rubuta sunan yaro share fagen kwashe shi ne.

Wannan tsoro yana ɓata lissafi kai tsaye. Wanda yake jin za a kore shi zai ɓuya, adadi ya ragu. Wanda yake jin za a raba kuɗi zai ƙara da sunayen da babu su, adadi ya kumbura. Hanyar kauce wa duka biyun ita ce a bi tsarin da jama'a suka sani, daga fadar sarki zuwa hakimai da dagatai da masu unguwanni, a haɗa da alarammomi da limamai da shugabannin tasha da na kasuwa tun daga matakin tsara tambayoyi. A faɗa wa mutane gaskiyar abin da za a yi da bayanan. Kada a yi alkawarin abin da ba a tanada ba. Kada a ɗauki hoton mai barci. Kada kuma a miƙa wa kowa jerin wuraren da mutane suke kwana domin a je a tashe su. Al'ummar da aka ci amanarta a ƙidayar bana ba za ta tsaya a ƙirga ta baɗi ba.

Gwaji domin aji

Fita ƙidayar dare aikin manya ne da aka horar, ba na ɗalibai ba. Amma malamin lissafi yana iya koyar da dabarar kati a cikin aji da mudun wake. A zuba farin wake a ƙwarya ba tare da an ƙirga ba. Ɗalibi ya ɗebo cikin hannu, a ƙirga, a shafa wa kowace ƙwaya tawada, a bari ta bushe, a mayar. A girgiza ƙwaryar sosai, a sake ɗiba, a ƙirga duka, a ƙirga masu tawada, a yi lissafi da ƙa'idar da ta gabata. A maimaita sau goma a rubuta amsoshin a allo, sannan a zazzage ƙwaryar a ƙirga waken gaba ɗaya. Ɗalibai za su ga amsoshin sun bambanta amma suna kewaye da adadin gaskiya, kuma ɗiba mai yawa ta fi kusantar daidai. Daga nan a sake gwajin ba tare da girgizawa ba, a ga yadda amsar take kaucewa. Ɗalibai suna iya kuma auna ɗakin kwanansu na makaranta da ma'aunin murabba'in mita 3.5, su ga mutum nawa ya kamata ya ɗauka.

Kammalawa

An ga cewa ƙirga marasa makwanci yana bukatar ma'ana bayyananniya, da dare zaɓaɓɓe, da hanyar ƙiyasta waɗanda aka tsallake, da awon wurin kwana, da kuma yardar waɗanda ake ƙirgawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma. Kayan aikin su ne taswirar unguwanni, da igiyar awo, da fitila, da takarda, da lissafin da bai wuce na ɗan aji uku na sakandare ba. Manyan makarantun da ke garin Daura suna da malamai da ɗaliban da za su iya tsara aikin, masarauta kuma tana da masu unguwannin da suka san kowane zaure. Idan aka yi ƙidayar a hunturun bana aka maimaita ta a na baɗi bisa tsari ɗaya, hakimi da shugaban ƙaramar hukuma da mai niyyar gina ɗaki don Allah duk za su san unguwar da za su fara dosa, da yawan ɗakunan da ake bukata, da kuma ko abin da aka yi bara ya rage masu kwana a waje.